Murfin Tagar Nu'uman

Shekara talatin da ɗaya Nu'uman ya yi yana wakilcin gona a Simsim, yankin manyan gonaki a jihar Gadarif ta Sudan, kuma duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa zai gaya maka ba mutum ne mai jan magana ba. Shi ke duban sama ya ce gobe za a fara yankan riɗi, ko da mai gonar yana can Gadarif yana bugo waya yana cewa a ƙara kwana biyu. Ma'aikata arba'in yakan raba su gida huɗu da nunin yatsa, babu mai cewa uffan. To wannan mutumin ne maganar murfin taga guda ɗaya ta tsare shi wata biyu cur.

Shi dai a guttiya aka haife shi, irin bukkar ciyawar nan mai tsini da ta cika Gadarif. A cikinta ya yi aure, a cikinta aka haifi 'ya'yansa har suka girma suka watse. Guttiya kuwa ƙofa kawai gare ta, saboda haka bai taɓa samun dalilin yin ra'ayi a kan taga ba. Sai shekarar da riɗi ya yi kyau, ya tashi ya gina ɗakin bulo guda a bakin gidansa, da rufin kwano, bango ɗaya yana kallon lungu. Magini ya bar taga babba a wannan bangon. Maƙeri ya zo ya dasa mata sandunan ƙarfe, sai dai daga ƙasa ya bar wani fili mai faɗin taƙi biyu babu sanda. Nu'uman ya yi masa faɗa a kan wannan sakacin har maƙwabta suka leƙo. Maƙerin bai ce komai ba, ya tattara kayansa ya tafi.

Saura murfi. Na waje kam ba zancensa, domin lungun ƙunci gare shi, raksha, wato keke mai ƙafa uku na haya, da amalanken jaki mai ɗauke da gangar ruwa da ƙyar suke wucewa. Maƙwabcinsa Malam Abdulwahabu ya taɓa sa mai buɗewa waje, kwana tara ya yi amalanke ya tafi da shi har bakin masallaci. Dole sai mai buɗewa ta ciki. Kafin a yi shi, Nu'uman ya farke buhun riɗi ya kafa da ƙusa huɗu, ya ce na mako ɗaya ne.

A gidan mutum uku ne masu ra'ayi. Nu'uman yana son rufaffen katako, wanda in an rufe ɗaki zai yi duhu ɗum, ya yi barcin ranarsa kamar yadda ya ga masu gonaki na yi. Matarsa Ruqayya ta ce rufaffen katako a zafin Gadarif tanda ce, ita shish take so, wato mai siraran katakai jere a karkace kamar haƙarƙari, iska ta shigo, ido ya tsaya waje. Sai ƙanwarta Najwa, malamar makaranta, wadda yaƙi ya koro daga Madani da 'ya'yanta mata biyu da jaka ɗaya. Ita ta ce a yi mai rabi, wanda ke rufe ƙasan taga kaɗai, a sa labule mai shara-shara daga sama.

"Irinsa ne a ɗakina na can, Yaya," in ji Najwa. "Kore ne. Da safe haske yakan sauko a kan shimfiɗa, amma mai wucewa ba ya ganin komai."

Yadda ta faɗi "ɗakina na can", kamar jiya ta share shi ta fito, ya sa Nu'uman ya kasa cewa a'a. Ya ce mata gaskiya mai rabi ya fi. Da yamma Ruqayya ta kawo masa kofi mai citta, ya ce mata shish ɗin dai shi ne magana. Da ya kwanta rana tana dukan fuskarsa ta ramukan buhu, ya rantse a ransa rufaffe zai yi. Haka aka yi ta yi har watan azumi ya shigo ya fita, buhu na nan. Ya koɗe, tambarin da ke jikinsa ya goge, iska ta yage masa kunne ɗaya.

Ran nan dai ya sa jallabiyarsa fara ya tafi wurin kafinta. Sunansa Elfadil, ana ce masa Usta, wato gwanin sana'a, mutumin Omdurman ne, shi ma yaƙi ya kawo shi. An ce a can yana da shago mai injuna bakwai, manyan gidajen bakin kogi duk shi ke yi musu ƙofofi. Ya iso Gadarif da ma'aunin ƙarfe a aljihu da waya a hannu, ya samu wata rumfar kwano a bayan kasuwar hatsi ya kafa benci. Siriri ne, mai gilashi, ba ya dariya da wuri, kuma yana goge ƙurar katako daga rigarsa kamar zagi aka yi masa.

Bayan gaisuwa, Nu'uman ya ce da Larabci, "Usta, murfin taga nake so, na ciki. Ka zaɓa mini mai kyau."

"Duk abin da ya fita daga hannuna mai kyau ne, ya Hajj. Wanne kake so?"

Ya buɗe waya ya shiga nuna masa hotuna. Ga rufaffe. Ga shish mai katakai a kafe. Ga shish mai sanda a tsakiya, in ka ja ta katakan su ɗaga, in ka tura su kwanta. Ga mai rabi. Ga kuma wani mai ganye huɗu, biyu sama biyu ƙasa, kowanne yana buɗewa shi kaɗai. Nu'uman ya zo da damuwa uku, sai ga shi da biyar.

"Kai dai ka zaɓa," ya ce. "Kai ne mai sana'a."

Usta Elfadil ya ajiye wayar. "Wane lokaci rana ke shiga ɗakin?"

"Da rana mana."

"Da hantsi, ko bayan la'asar?"

Usta bai jira shi ba, ya ci gaba.

"Gado yana ƙarƙashin tagar ko yana gefe? Wa ke zama a ɗakin da safe? Iska daga ina take bugowa? Mai wucewa a lungu, idonsa a ina yake kaiwa, ƙasan taga ko tsakiyarta?"

Ko ɗaya Nu'uman bai sani ba. Ya san inda ruwa ke kwanciya a gona mai faɗin feddan dubu, wato kusan eka dubu, ya san ranar da tsuntsu ke sauka wa dawa, amma bai san abin da ke faruwa a gidansa tsakanin asuba da magariba ba. Damina da kaka yana Simsim. Da rani kuwa da ya sha shayi sai kasuwar hatsi, wurin abokai, ya dawo ya ɗan miƙe da azahar, ya sake fita.

"Ka koma gida," in ji Usta. "Ka zauna a ɗakin nan wuni guda, daga sallar asuba har faɗuwar rana. Kada ka fita sai salla. Ka duba, ka saurara, sannan ka dawo."

Nu'uman ya ji haushi. Shi ke aiken mutane, ba a aikensa. Amma da ya tuna buhun nan mai kunne ɗaya, sai ya haɗiye.

Washegari ya dawo daga masallaci ya shiga ɗakin ya zauna a kan gado, ya harɗe ƙafa. Ruqayya ta shigo da faranti babba lulluɓe da zane, ta tsaya tana dubansa.

"Lafiya, Baban Husain?"

"Aiki nake yi."

Ya gaya mata abin da kafinta ya ce. Ba ta yi dariya ba, abin da ya fi ba shi mamaki ke nan. Ta dai nuna masa kusurwa, bayan ƙofa.

"To koma can. Kuma kada ka yi tari, za ka kore mini mutane."

"Waɗanne mutane?"

Ta ja kujera 'yar tsugune gaban taga, ta naɗe ƙasan buhun ta soke shi a ƙusa, ta yaye zanen. Kisra ce, wainar dawa irin ta Sudan, falle-falle, tana tururi. Kafin Nu'uman ya gyara zama hannu ya shigo ta filin nan na ƙasan sanduna riƙe da kwano. Ruqayya ta ninke kisra ta ɗora, kwano ya fita, wani ya shigo. Faɗin filin daidai faɗin kwano, ba ragi ba ƙari. Nu'uman ya tuna irin faɗan da ya yi wa maƙeri, ya tuna shirun mutumin, sai ya gane ba sakaci ba ne, Ruqayya ce ta sa aka bar filin.

Ya san matarsa tana yin kisra, ya ɗauka ta gida ce da ɗan abin da ake miƙa wa maƙwabta. Ashe tun da masu gudun yaƙi suka cika makarantar unguwar, waɗanda ba su da murhu ko kasko, rabin lungun daga hannunta suke karyawa. Da ta ƙofar gida ake zagayowa. Tunda aka gina ɗaki, taga ta zama kanti.

Wata murya ta ce, "Mai Buhu ya tafi kasuwa?"

Ya gane ta. Batoul ce, matar mai raksha.

"Yana nan kusa," in ji Ruqayya.

"Maigidana ya ce yanzu in fasinja zai zo lungun nan, cewa yake yi a kai shi gidan Mai Buhu, kowa ya sani. Wai an ce a Simsim mutum arba'in yake juyawa. Ni dai na ce, to ko can ma matar wani ce ke gaya masa abin yi?"

"Ai ba haka yake ba," in ji Ruqayya, tana ninke kisra. "A gona ya san komai."

"A gida fa?"

"A gida yana koyo."

Nu'uman ya ji tari ya taso masa. Ya danne shi da hannun riga har idonsa ya kawo ruwa.

Da hantsi ya yi sai ga muryar da ya fi sani duk duniya, Malam Abdulwahabu, abokinsa tun suna yara suna korar tsuntsu a gonakin Doka. Ya yi sallama ya miƙo kwano.

"Maman Husain, ku yi haƙuri da mutumin nan. Abin wani ne yake yankewa nan take. Nasa kuwa, Allah ya kyauta. Lokacin aurenku mako guda muka yi muna zagaya kasuwa a kan rawani ɗaya, ƙarshe nawa ya ara."

"Ni ban taɓa jin wannan ba," in ji Ruqayya.

"Ai bai dawo da shi ba har yau."

Nu'uman ya yunƙura zai miƙe. Ruqayya ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ɗaga masa yatsa ɗaya ta bayan kanta. Ya koma ya zauna.

Kisra ta ƙare, ta kwashe faranti ta fita. Ya ce yanzu kam zai huta. Bai gama miƙe ƙafa ba wata akuya ta zuro kai ta filin kwano, ta lashe ɓurɓushin da ke bakin taga, ta ɗaga ido ta dube shi tsawon lokaci, sannan ta kama gefen buhun ta fara tauna. Nan ya gane ba iska ce ta yage kunnen ba.

Bayan azahar Najwa ta shigo da littafi. Ta gaishe shi ƙasa-ƙasa, ta zauna inda yayarta ta tashi. A waje, cikin inuwar bango, 'yan mata kusan goma sun shimfiɗa tabarma, 'ya'yan masu gudun hijira ne da aka rufe makarantunsu. Daga ciki take karanta musu shifta, su rubuta, su miƙo takardu ta filin kwano, ta gyara da jan biro ta mayar. Muryarta ta canza gaba ɗaya. Ba ita ce matar nan mai magana a hankali da ke zaune a gidan yayarta tana ba da haƙuri in ta sha ruwa ba. Tana tsawata wa wata a kan ɗigon harafi, tana yaba wa wata. Nu'uman ya saurari shiftar har ƙarshe, ya gano shi ma da kuskure biyu zai yi.

La'asar na wucewa rana ta sauko daidai saman tagar, ta shigo ta ramukan buhu ta kwanta a kan matashinsa. Ɗakin ya ɗauki zafi kamar an kunna gawayi. Ya ɗaga saman buhun don iska, rana ta soke masa ido. Ya sauke, gumi ya karyo. Haka ya yi ta ɗagawa yana saukewa har aka kira magariba.

Da sassafe ya isa rumfar Usta Elfadil, tafiyarsa irin ta Simsim, ƙafa a buɗe, hannu ɗaya a baya.

"Usta, na yanke. Mai ganye huɗu. Na ƙasa rufaffen katako, mai ƙarfi, wanda akuya ba za ta iya da shi ba, amma ya buɗe da sauƙi don ana aiki a wurin. Na sama shish mai sanda, saboda ranar la'asar. Fenti kore."

"Kore mai duhu ko mai haske?"

"A tambayi Najwa."

Usta ya gyaɗa kai. Ya taka zuwa bayan benci ya yaye wani tsohon zane. Ga katakai nan an yanke an jera, firam huɗu, biyu da allunansu, biyu an fara huda musu gurbin shish.

Nu'uman ya dube su, ya dubi Usta. "Na wa ne waɗannan?"

"Naka. Hajiya ta zo tun kafin azumi. Da ɗankwali ta auno tagar, ta ƙulla shi wuri biyu. Abin da ka faɗa yanzu shi ta faɗa, har akuyar."

"To don me ka aike ni zaman wuni guda?"

"Ita ta ce a yi haka. Ta ce in ba da bakinka ka faɗa ba, shekara goma za ka yi kana buɗe tagar kana cewa da rufaffe aka yi."

Nu'uman ya shafa katakon, ya ce kamar bai bushe ba. Usta ya ce ya bushe. Suka tafi tare ya auna tagar da ma'aunin ƙarfe, sama da ƙasa, dama da hagu, kusurwa zuwa kusurwa, ya rubuta a bayan kwalin ashana. Ya ce ɗankwalin Hajiya da rabin yatsa kawai ya kuskure.

A hanyar komawa gida Nu'uman ya shirya jawabi mai tsawo a kan yadda ba a yi wa maigida haka. Da ya shiga ya tarar da Ruqayya a gaban kasko, hayaƙi yana shiga idonta, tana shafa ƙullu da hannu ɗaya tana share fuska da ɗayan. Sai ya ajiye jawabin. Ya ce ya yanke magana, mai ganye huɗu za a yi.

"Madalla," ta ce. "Wannan shawara ta yi kyau, Baban Husain."

Aikin ya ɗauki lokaci. Wuta ba ta zama, kuma Usta ya ƙi yarda wani ya taɓa masa shish, kowane siririn katako da hannunsa ya goge shi. Fenti sai da ya yi shafi uku, yana jiran kowanne ya bushe. Kafin ya gama damina ta sauka, Nu'uman ya koma Simsim shuka. Ran da za a kafa murfin sai da ya bi bayan tarakta ya fito, don babu motar da ke iya ratsa taɓon hanyar.

Ranar lungun ya cika. Usta ya iso da kayan a raksha, naɗe cikin bargo. Da ya kwance, mata suka yi ta cewa ma sha Allah. Najwa ta shafa koren fentin da tafin hannu, ta juya ta shige ciki, sai can ta fito idonta ja. Nu'uman da kansa ya zare ƙusoshin buhun.

Usta ya ɗaga firam ɗin ya kai bakin taga. Ƙasa ya shiga. Sama ya ƙi. Ya juya shi, ya sake gwadawa. Hagu ya zauna, dama ya tokare. Ya ajiye, ya zaro ma'auni, ya zaro kwalin ashana, ya auna, ya duba kwali, ya cire gilashi ya goge, ya sake aunawa. Tagar da ya bari mai kusurwa huɗu daidai ta karkace, kafaɗa ɗaya ta ɗaga da kusan yatsa biyu.

"Wa ya taɓa bangon nan?" ya tambaya.

Babu wanda ya taɓa.

"Shekara talatin ina awo, ban taɓa kuskuren da ya kai kaurin farce ba. Wani ya taɓa bangon nan."

Malam Abdulwahabu, wanda ke jingine da sanda a bakin ƙofa, ya ce, "Usta, yaushe ka yi awon?"

"Bayan ƙaramar salla."

"Da rani ke nan. Yanzu kuma damina ce. Zo ka gani."

Ya ja shi zuwa ƙofar gidansa, ya tura ta, ta ƙi rufuwa, sai da ya sa mata ƙafa. Ya ce wannan ƙofar da rani kyanwa takan wuce ta ƙarƙashinta ba ta sunkuya ba. Ya nuna masa baƙar ƙasar da suke takawa, wadda watanni uku da suka wuce ta dare har ana iya zura hannu, yanzu ta sha ruwa ta kumbura ta haɗe. In ta kumbura sai ta ɗaga gida, in ta bushe ta sauke shi, kuma ba lallai ta sauke shi inda ta ɗauke shi ba. Kowa a Gadarif ya san haka, shi ya sa babu wanda ya ga dalilin faɗa masa.

Usta Elfadil ya dawo ya zauna a ƙasa gaban murfinsa, a kan rigar da ko ƙura ba ya bari ta taɓa.

"A Omdurman," ya ce, "in ka bar bango a wuri, nan za ka dawo ka same shi."

"Sai ka ɗan fere shi daga sama," in ji Nu'uman.

"In fere? Wannan kusurwar da ka gani, in ka ɗora mata ma'auni ko gashi ba zai shiga ba. Ka ce in karkatar da ita da hannuna? A rushe bangon a gyara."

Nu'uman ya ce ba za a rushe ba. Abdulwahabu ya ce ko an rushe, sabon ma zai motsa. Batoul daga waje ta ce a mayar da buhu kafin ruwa ya sauko, ga hadari can. Aka yi ta magana, Usta yana zaune ya kafe, ya rungume hannu.

Najwa ce ta matso ta tsuguna nesa kaɗan da shi. "Usta," ta ce, "ni ajina a Madani yana da allo da fanka. Yanzu ta taga nake koyarwa, kuma yara suna iya karatu. Ka fere katakon, hadari na tahowa."

Ya dube ta ta saman gilashi. Sannan ya buɗe jakarsa ya ɗauko ƙarfen fere katako, wanda kafintocin nan ke kira fara. Ya ce kowa ya juya baya. Babu wanda ya juya. Ya fere, ya gwada, ya fere, ya gwada, koren fenti yana zuba a ƙasa a nannaɗe. A karo na biyar firam ya zauna ɗas. Ya ɗaura ganyayyakin, ya shafa fenti inda ya fere, ya ja sandar shish, katakai suka ɗaga gaba ɗaya, iskar hadari ta shigo ɗakin da ƙamshin ƙasa.

Nu'uman ya ce bari ya gwada daga kan gado, tunda nan zai riƙa buɗewa. Ya kwanta ya miƙa hannu ya fizgo ganyen ƙasa, ganyen ya buɗo ciki kamar yadda aka yi shi ya yi, ya same shi a goshi. Usta ya ce tun ranar farko ya tambaye shi inda gado yake. Aka ja gadon zuwa ɗaya bangon.

Kafin kaka gidaje shida a lungun sun sa irinsa. Usta Elfadil ya koyi aunawa sau biyu, ya kuma koyi tambayar maƙwabta ta wane gefe gidan ke tashi. Bai taɓa cewa abin ya yi masa daɗi ba.

Da hanya ta buɗe shekarar da ta biyo, mutane suka fara komawa Khartoum da Omdurman, shi ma ya ɗaure kayansa. Ya biyo ta lungun yin sallama. Ya buɗe ganyayyakin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga wa maƙalai mai, sannan ya zaro wata ƙaramar fara daga aljihu ya miƙa wa Nu'uman.

"In ya cije da damina, shafa ɗaya, ya Hajj. Ɗaya tak. Sannan ka jira kwana uku."

Nu'uman ya karɓa da hannu biyu, ya raka shi har tasha.

Ruwan farko na sauka ganyen dama ya cije. Nu'uman ya yi shafa ɗaya, ya ji daɗin yadda katako ke nannaɗowa, ya ƙara biyu don ya tabbatar. Bayan mako ɗaya na hagu ya yi ɗan ƙara, ya gyara shi. Daga nan ya lura ƙofar ɗakin ma tana jan ƙasa, kujerar Ruqayya ƙafa ɗaya ta fi sauran, ƙofar Malam Abdulwahabu kuwa ya daɗe yana tausaya mata. Duk ran da ya shigo gari daga Simsim sai an ji ƙarar fara a wani wuri. Da rani ya zo ƙasa ta sauka, tsakanin ganyen dama da firam aka samu fili da mutum zai zura yatsa uku, kujerar Ruqayya ta koma kusan faifai, Abdulwahabu kuma ya daina amsa sallama in ya hango shi da abu a hannu.

Wata safiya ya nemi farar inda yake ajiye ta, a kan katangar ɗaki, bai gan ta ba. Ya duba ƙarƙashin gado, ya zazzage aljihunan jallabiya. Ya tambayi Najwa, ta ce ita littattafai kawai take taɓawa. Ya tambayi Ruqayya, tana gaban taga tana miƙa kwano.

"Ta tafi Omdurman," ta ce. "Mijin Batoul ya samu mai zuwa can jiya, na ce a kai wa mai ita. Na haɗa masa da riɗi mudu biyu, na ce daga gare ka."

Nu'uman ya tsaya tsakiyar ɗaki yana juya maganar. Can ya tambaya ko riɗin fari ne ko ja. Ta ce fari. Ya ce to ya yi, Usta ya fi son fari, ya sa takalmi ya tafi kasuwa.